Tafiya Ingal da Kare a Tsakiyar Bazara

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ma'aikaci ne a Damagaram, an yi mini canjin wurin aiki zuwa Ingal a jihar Agadas, zan kama aiki tsakiyar watan Afrilu. Ina da karen gadi mai suna Duna, shekararsa 3, nauyinsa kilo 28. Ruwa biyu ne, uwarsa 'yar gida, ubansa irin na Jamus mai gashi. Tun yana kwikwiyo yake hannuna, ba na son barinsa. Abokina zai kai ni a motarsa Hilux. Zan iya ɗaure shi a baya tare da kaya? Wani ya ce in ba shi maganin barci, wani kuma ya ce in aske masa gashi tas. Me ya kamata in tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa canjin ya zama alheri. Bari in fara da abin da ba ka tambaya ba, don shi ne babba, wato watan da za ka tafi. Da Nuwamba ko Disamba ka ce mini, da amsata ba za ta yi tsawo ba. Amma Afrilu da Mayu su ne tsakiyar bazara a ƙasar Agadas, lokacin da zafin inuwa ma kan haura digiri 40 kusan kullum. A cikin wannan yanayi za ka ɗauki kare mai kaurin gashi ka yi kusan kilomita 450 daga Damagaram zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisanat, sannan ka ƙara fiye da 100 zuwa Ingal. Da ni ne kai, sai in tafi ni kaɗai tukuna, in ga gidan da zan zauna, in san maƙwabta, in dawo in ɗauki Duna idan iska ta sauya. In akwai wanda zai riƙe maka shi amana, yi haka. In babu, to ga yadda za ka yi.

Mu mutane gumi muke yi ta ko'ina a jiki, iska ta busa mu ji sanyi. Kare ba shi da wannan gata. Ɗan gumin da ke da amfani gare shi a tafin ƙafa yake, kuma bai taka kara ya karya ba. Abin da ya dogara da shi shi ne haki: ya buɗe baki, ya zaro harshe, ruwan da ke harshe da maƙogwaro ya riƙa bushewa yana tafiya da zafi. Busasshiyar iskar hamada tana taimakon wannan dabara sosai, shi ya sa karnukan makiyaya ke rayuwa a can lafiya. Sai dai sharaɗi biyu ne: ruwa a jiki, da iska mai motsi. Duk lokacin da ɗaya ya yanke, zafin jikinsa, wanda a ƙa'ida yake tsakanin digiri 38 da 39 da ɗan ɗori, sai ya fara hawa. Idan ya wuce 41, hanji da ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa suna fara lalacewa, jini kuma ya rikice ya daina daskarewa yadda ya kamata. Wannan ba ya buƙatar wuni guda. Rabin sa'a ya isa.

Na taɓa ganin haka da idona, kuma har yau ban manta ba. Wani bawan Allah ya kawo mini karensa wajen ƙarfe biyu na rana, sun taso daga kudu. Ya ɗaure shi da sarƙa a bayan mota tsakanin buhun shinkafa da firiji, ya ja tamfol ya rufe don rana, a ganinsa gata ya yi masa. Yayin da mota ke gudu iska na shiga, babu laifi. Sai aka tsayar da su a wani shingen bincike, aka ɗauki lokaci ana duba takardu. Da suka ɗaga tamfol ɗin, kare yana kwance a gefe ɗaya, miyau ya yi kauri kamar kunun kanwa, dasashi ja wur, fatar tafin ƙafafunsa biyu ta saluɓe ta manne a ƙarfen mota. Ma'aunin zafi ya nuna 42 da 'yan kai. Muka sanyaya shi, muka sa masa ruwa a jijiya, da magariba har ya ɗaga kai ya kaɗa wutsiya, mai shi ya yi ta godiya. Kwana biyu bayan nan ya fara zawo da jini, fitsari ya ɗauke, ya mutu. Abin da ya sa na kawo maka wannan shi ne mutane kan ɗauka haɗarin yana cikin tafiya. A wurin tsayawa yake.

Saboda haka amsar tambayarka ta farko: a'a, kada ka ɗaure shi a baya tare da kaya. Idan motar mai kujerun baya ce kuma na'urar sanyaya iska tana aiki, wurinsa kujerar baya, a shimfiɗa masa tsohon bargo ko buhu, a ɗaure shi da ɗamara ta ƙirji, ba ta wuya ba. In abokinka ba ya son kare a cikin motarsa, wannan haƙƙinsa ne, kada ka matsa masa. Sai a sa kafinta ya haɗa akwaku wanda Duna zai iya tsayuwa ya juya a ciki, ƙasansa katako, gefunansa huɗu raga, rufinsa tabarma ko zana da aka ɗaga sama kaɗan don iska ta ratsa. A ɗaure akwakun da jikin mota, a bar masa fili, kada kaya su toshe gefunan. Sarƙa a wuya a bayan mota kuwa rataya ce ke jiran ranarta, ko dai ya yi tsalle ya ga raƙumi, ko mota ta faɗa rami ta wurga shi. Kuma tunda wasu za su karanta wannan da niyyar shiga babbar bas: wurin kaya na ƙarƙashin bas tanderu ne, ba a sa abu mai rai a ciki.

Lokacin tafiya kuma, ka bi agogon kare, ba naka ba. Ku tashi da an sallame sallar asuba. Da hantsi ya ɗaga, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, ku nemi inuwa ta gaske a cikin gari ku sauke shi, ku zauna har bayan la'asar. Hakan na nufin tafiyar kwana biyu ce, ba ta wuni ɗaya ba, musamman da yake hanyar wani wuri kwalta ce mai kyau, wani wuri kuma ta farfashe. Ban ce ku yi tafiyar dare ba, ko da yake ita ce ta fi wa kare daɗi, domin sha'anin tsaro a arewa ba abin wasa ba ne. Ku tambayi direbobin tasha da jandarmomi halin da hanya take ciki a makon da za ku tashi, ku bi abin da suka ce. A duk shingen da aka tsayar da ku fiye da minti biyar, mutum ɗaya ya je wajen takardu, ɗaya ya sauko da kare da igiya zuwa inuwa. Motar da aka kashe aka rufe a rana takan ƙara wajen digiri 10 cikin minti 10, kuma sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai.

Wanda ya ce ka ba shi maganin barci bai yi maka shawara mai kyau ba. Magungunan da ake kwantar da kare da su suna sauke hawan jini, suna kuma dagula yadda jiki ke daidaita zafinsa. Karen da aka bugar ba zai iya gyara kwanciya ba, ba zai tashi ya sha ruwa ba, kuma mafi muni, ba za ka iya bambanta barcin magani da sumar zafi ba. Su taramol da maganin mura na mutane kuwa kada ma a fara. In tsoron mota ne matsalarsa, ba a fafe gora ranar tafiya: daga yau ka riƙa sa shi a mota ko a akwakun, minti goma, gobe ashirin, ku zaga gari da sanyin yamma, ka ba shi ɗan nama in kun dawo. Don gudun amai, abincinsa na ƙarshe ya zama na daren jajibiri, da safe ruwa kawai, sai kun sauka da yamma ya huce sannan ya ci.

Aski ma a'a. Irin karnukan Jamus gashi biyu gare su, na sama mai ƙarfi da na ƙasa mai laushi kamar auduga. Na saman shi ke tare rana daga fata. In ka aske shi tas, ka cire masa rawani ne a tsakiyar hamada, fata ta ƙone, ƙuda da ƙaya su sami hanya. Na ƙasan ne ke riƙe zafi, shi ake tsefewa. Ka sami mataji mai dogayen haƙora ka riƙa taje shi kullum har mako biyu, za ka sha mamakin tulin da zai fito. In kana so ka rage gashin ciki da na cinyoyi da almakashi, babu laifi, don ta nan yake sanyaya jiki idan ya kwanta a ƙasa mai damshi.

Yanzu ruwa. A rana irin ta kullum kare na buƙatar kamar mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo na nauyinsa, wato Duna na shan lita ɗaya da rabi ko fiye kaɗan. A zafin bazara da haki, lissafa ninki biyu zuwa uku, lita 3 zuwa 5. Ka ƙara ruwan jiƙa shi, ka ƙara na ko-ta-kwana idan mota ta lalace a daji. Ni jarka mai lita 20 nake cewa a ware wa kare shi kaɗai. A naɗe ta da buhun algarara a riƙa jiƙawa, kamar yadda direbobin hanyar ke yi, ruwan zai zauna da sanyi kamar na salka. Ana ba shi kaɗan-kaɗan duk bayan sa'a, ba a barinsa ya yi ƙishi sannan ya kwankwaɗi kwano guda ya amayar. Hanyar ganewa ko ruwa ya ishe shi mai sauƙi ce: ɗaga leɓensa ka taɓa dasashi, in da santsi lafiya, in yana kama yatsa kamar danƙo ruwa ya yi ƙasa. Danna dasashin har ya yi fari ka saki, jan ya dawo kafin ka ƙirga biyu. Fitsari kuma in ya yi duhu kamar shayin da aka dafa sau ɗaya, a ƙara ruwa.

Ruwan can ma sai an bi a hankali. Ƙasar Ingal ƙasar gishiri ce da kanwa, shi ne ma dalilin da makiyaya ke kai dabbobinsu can, kuma arewa da garin akwai Tagidda inda ake haƙar gishiri tun kaka da kakanni. Wasu rijiyoyin ruwansu da zartsi. Raƙumi na so, cikin kare baƙo ba ya so, zawo zai yi, zawo kuma a bazara shi ne gajeriyar hanyar bushewar jiki. Kwanakin farko ka gauraya ruwan da ka zo da shi da na garin, kuma ka ba shi irin wanda kai kake sha. Kududdufin da dabbobi suka tattake kada ya kusance shi. Sannan ga wata magana da ba ta likitanci ba amma ta fi allura muhimmanci: Duna ya kasance da kwanonsa na kansa. Kada ya sa baki a guga, ko a komin da ake shayar da dabbobi, ko a kusa da randar mutane. A garin da ruwa ke da tsada irin haka, kare baƙo ya sa baki a komin rijiya sau ɗaya, an gama sanin ka, kuma ba da alheri ba.

Idan duk da haka zafi ya kama shi, alamun su ne haki mai ƙarfi da ba ya tsayawa ko a inuwa, harshe ya yi faɗi ya yi ja sosai, miyau mai yauƙi, tangaɗi kamar mashayi, amai, daga nan faɗuwa. Kada ka ce bari mu kai Agadas tukuna. A nan inda kuke za ka fara: inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka har ya ratsa gashi ya taɓa fata, musamman ciki da hammata da cinyoyi da wuya, wani kuma ya riƙa yi masa fifita da kwali ko faifai. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma ka bari, tsumman zai ɗumama ya riƙe zafin. Kada ka ɗura masa ruwa a baki in ba ya iya haɗiya. Ka sayi ma'aunin zafi irin na kanti, a shafa masa mai a sa a dubura. In ya sauko wajen 39 da rabi sai a daina zuba ruwa. Ko ya miƙe ya warware, likita ya gan shi, ka tuna da karen da na ba ka labari. Farasitamol da ibufurofen da dikulofenak ba sa sauke irin wannan zafi, biyun ƙarshen ma ƙoda da ciki suke lalata wa kare.

Ƙafa kuwa ita ce za ta riƙa ba ka aiki kullum. Rairayi da tsakar rana yakan kai digiri 60 ko fiye. Ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai. In ba ka iya ba, shi ma ba zai iya ba. Yawo sai da sassafe da bayan faɗuwar rana. Sai kuma ƙarangiya. Karen makiyaya gajeren gashi gare shi, ya tsaya ya cire da haƙori ya wuce. Mai gashi irin Duna kwasarta yake yi kamar tsintsiya, a tsakanin yatsu, a hammata, a cikin kunne, a ƙarƙashin wutsiya. Ka mai da shi al'ada, bayan isha'i ka zauna da tocila, ka kwantar da shi, ka buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ɗiga ɗan man gyaɗa a inda ta cukurkuɗe, ka murza, ka zare da hantsaki, kada ka sa yatsa don kai ma za ta shige ka. Wadda aka bari kwana uku takan huda fata ta yi ƙurji, ka ga kare yana ɗingishi yana lasar wuri ɗaya. Tsidau da ƙayar aduwa su kuma tafin suke hudawa. Rage gashin tsakanin yatsu tun kafin ku tashi yana rage rabin wahalar.

Allurai a Damagaram za ka yi su, wajen likitan dabbobi mai firiji, domin allurar rigakafi tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, wadda ta kwana a jakar ɗan kasuwa ruwa ce kawai. Ta haukan kare ita ce gaba da komai. In wannan ne karo na farko, a yi ta aƙalla kwana 21 kafin tafiya. In ya saba samu, a duba kada shekara ta zagayo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma da zarar alamu sun bayyana babu magani. Inda za ka je akwai diloli, akwai karnukan da ba a taɓa yi wa allura ba. A yi masa kuma allurar haɗaka ta sauran cututtukan karnuka, irin mai sa zawo da jini da mai sa majina da farfaɗiya. Katin allurar, da hatimi da kwanan wata, ya zauna tare da takardunka na mota. Wanda zai taso daga Najeriya ta Daura ko Maigatari sai ya haɗa da takardar shaidar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati. Da ka isa, ka je ka gaida ma'aikacin kiwo na garin ka nuna masa katin, ka kuma tambayi asibiti inda ake samun allurar cizon kare ta mutane mafi kusa. In Duna ya ciji wani, ko wani kare ya cije ka, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, a tafi asibiti ranar, a tsare karen a sa masa ido kwana 10. Katin nan shi ne zai hana a kashe maka shi a ranar da hankali ya tashi.

Kaska tana nan da yawa duk inda raƙuma da shanu ke kwana, kuma tana sa wa kare zazzaɓin da ke shanye jini, ka ga dasashi ya yi fari, ya daina cin abinci, wani lokaci haɓo. In za ka iya samun ƙwayar Bravecto, guda ɗaya na tsare shi mako 12. NexGard wata ɗaya. Ka saya tun daga birni gwargwadon nauyinsa. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka bari a yi masa wanka da maganin feshin shanu ko fiya-fiya, kada kuma wani ya kimanta masa allurar ibamektin ta raƙumi da ido. Karnukan da na ga maganin kaska ya kashe ba su kasa waɗanda kaskar ta kashe yawa ba.

Ga wani abu da ba kasafai ake faɗa ba. A garin makiyaya nama da kayan ciki ba sa wuya, mahauci zai ba ka huhu da hanta da aka ƙi saya kyauta don karenka. Duba dalilin da ya sa aka ƙi su. Waɗannan ƙulle-ƙulle masu ruwa a ciki da ake gani a huhun raƙumi ko hantar tunkiya, ƙwayayen wata tsutsa ce. Kare ya ci ɗanye, tsutsar ta girma a hanjinsa ba tare da ya nuna alamar komai ba, ƙwanta ya fita a kashinsa ya manne a gashinsa, yaro ya shafa shi ya ci abinci, bayan shekaru a ga ƙullin ruwa a hantar mutum sai an yi tiyata. Maganin abin a tukunya yake: duk kayan cikin da zai ci a dafa su sosai, masu ƙulli a binne ko a ƙone. A riƙa ba shi maganin tsutsa mai furazikwantel, irin Drontal, duk bayan wata uku, in yana fita yawo ma duk bayan mako shida. Mushe kuwa haram gare shi. Akwai ciwon sammore na raƙuma da kare ke ɗauka in ya ci ɗanyen naman dabbar da ta kamu, ya rame, idonsa ya yi fari kamar an shafa nono, kuma sau da yawa ba ya tashi.

Abinci ba sai na buhu ba, wanda ma mansa kan lalace a zafi. Tuwon gero ko shinkafa da dafaffen nama ko ƙwai ko busasshen kifi sun wadatar, babban cin ya zama da dare. In za ka sauya masa abinci, a yi a hankali cikin mako guda. Ban da albasa da tafarnuwa da yawa, ban da goro, ban da ragowar shayi, ban da dafaffen ƙashi mai tsagewa. Ingal garin dabino ne, ka lura da ƙwallon, yana iya toshe hanji.

To, sai masu gari. Karnukan Abzinawa da na Fulani, dogayen nan masu siririn ciki da Turawa suka sa wa suna Azawak, da sunan kwarin da ya ratsa Nijar da Mali, kada ramarsu ta ruɗe ka. Gadin zango da garke aka haife su a kai, suna da gudu, kuma ba ɗaya-ɗaya suke faɗa ba. Duna zai ga ya fi su ƙiba ya ɗauka ya fi su ƙarfi. Kada ka kai shi kusa da zangon makiyaya, kada ka sake shi da dare. A cikin gari ma igiya a hannunka kullum. Karen birni da bai saba da dabbobi ba yakan ga 'yan awaki sun watse ya bi su don wasa. A wurin mai akuya wannan ba wasa ba ne, dukiyarsa ce, za ka biya, in an yi rashin sa'a kuma a sa wa kare guba ba tare da an yi maka magana ba. Ya bi raƙumi kuwa, shuri ɗaya ya isa. A watan Satumba, ƙarshen damina, ake taron lasar gishiri da ake kira Kur Sale, garin ya cika da Abzinawa da Wodaɓe da dubban dabbobi da karnukansu. Waɗannan kwanaki Duna ya yi zamansa a gida.

Ni ba malami ba ne, amma mun tashi mun ji malamanmu na Malikiyya suna cewa kare mai rai ba najasa ba ne a karan kansa, kuma an yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona, da yawa sun haɗa da na gadi inda akwai buƙata. Wannan bai sa maƙwabcinka zai so kare ya shinshina masa riga yana hanyar masallaci ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Ka sanar da mai gidan da za ka haya tun kafin ka zo, ka gaida mai unguwa, ka gaya wa yara kada su tsokane shi, ka kwashe kashinsa ka binne.

Kunama da maciji ba zan tsawaita ba. Ƙasar Agadas an san ta da kunamu masu mugun dafi, akwai kuma kububuwa da macijin rairayi mai ƙaho, dukansu da dare suke fitowa a lokacin zafi, kare kuma da hanci yake bincike. Share inda yake kwana, kada a tara duwatsu ko itace a kusa, ka haska da tocila kafin ka kwantar da shi. In an sare shi, kada a tsaga, kada a ɗaure, kada a tsotsa. A hana shi motsi, a ɗauke shi a nemi likita. Tumfafiya kuma, farin ruwanta in ya shiga ido yana ƙona shi, a wanke da ruwa mai yawa nan take.

A gidan, ka yi masa rumfar zana a gefen da inuwa ta fi daɗewa, ba ta kwano ba. Ka tona ɗan rami mara zurfi a ƙarƙashinta, ka zuba yashi, ka riƙa yayyafa ruwa da hantsi. Za ka ga ya tona ya kwanta ya manna cikinsa, haka karnukan can ke yi. In za a ɗaure shi, a duba inda inuwar take komawa da azahar, don inuwar safe ba ita ce ta rana ba, kuma a binne gindin kwanon ruwansa a ƙasa kada ya kifar. Mako biyu zuwa uku na farko jikinsa bai saba ba, kada ka sa shi gudu, kada ka damu in ya rage ci da rana muddin yana shan ruwa yana ci da dare. Bargon da ka shimfiɗa masa a mota kuma kada ka yar, ka wanke ka ajiye, Disamba da Janairu za ka neme shi.